Numfashin Inji: Yadda Ake Gano Dalilin Raguwar Ƙarfin Mota Mai Turbo



Hanyar nan da ta fita daga birnin Kano ta nufi yamma, ta bi ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo ta isa Gwarzo, sa'an nan ta zarce zuwa Dayi cikin Jihar Katsina, hanya ce ta abinci. In kaka ta yi, dawa da masara da wake da gyaɗar da aka noma a Masanawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ta nan ake fitar da su zuwa kasuwanni, har Dawanau. Motocin da ke wannan ɗawainiya, tun daga Golf da Sharon na 'yan haya har zuwa Hilux da Kanta da manyan tifofi, galibinsu sun riga sun ci rabin ƙarfinsu a wata ƙasa kafin su iso nan. Da yawa daga cikinsu kuma, musamman masu shan gas, suna ɗauke da wata na'ura da ba ta fi ƙaramar tukunya girma ba, wadda ake kira turbo.

Kukan da ake ji a tasha kusan iri ɗaya ne. Direba zai ce mota ta daina ja, ko ta ƙi hawa tudun da ta saba hawa da giya ta huɗu, ko kuwa ya taka totur har ƙasa don ya wuce tirela amma ta yi masa sanyi a tsakiyar titi, ga wata motar kuma tana tahowa. Wannan na ƙarshe ya wuce maganar asarar kuɗi, ya zama maganar rayuka. Hukuncin da ake yankewa a gareji shi ma iri ɗaya ne, a ce turbo ya tafi. Sai mai mota ya sayar da hatsi ko ya ci bashi, a tafi Ƙofar Ruwa a sayo na gwanjo a ɗaura. Bayan mako biyu ko uku ciwo ya dawo, wani lokaci ma tun ba a fita daga gari ba. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Turbo yana zaune a tsakiyar wata doguwar hanya ta iska da hayaƙi da baƙin mai, duk inda hanyar nan ta sami cikas, a kansa alamar ke bayyana. In kuwa har ya mutu da gaske, to, wani abu ne ya kashe shi, kuma wannan abin yana nan yana jiran sabon da za a ɗaura.

Zuga-zugin inji

Ba a gane ciwo sai an san lafiya. Inji ba mai kaɗai yake sha ba. Kowace lita guda ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone sarai. In da nauyi aka auna, kashi 1 ne na fetur ga kashi 14.7 na iska. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, famfo yana iya turo ko nawa ne. Iskar ce aiki, domin injin da ba shi da turbo ba ya samun fiye da abin da fistin ya zuƙo yayin da ya sauka. Mai kuwa in ya fi ƙarfin iskar da ke akwai, ba ƙarfi yake zama ba, baƙin hayaƙi yake zama.

Maƙera sun san wannan tun ba a ƙera mota ba. Gawayi ɗaya ne, amma wutar da ake gasa masara da ita daban take da wadda ke sa ƙarfe ya yi ja, bambancin kuwa zuga-zugi ne. To, turbo shi ne zuga-zugin inji, sai dai ba yaron maƙeri ke zuga shi ba, hayaƙin wutar ne da kansa. Farfela biyu ce aka haɗa a kan sanda guda, kowace cikin gidanta mai siffar katantanwa. Hayaƙin da ya fito daga inji da zafinsa da ƙarfinsa yana bugun ta farko, ita kuma ta juya sandar, ta biyun ta zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji. A ƙananan motoci sandar nan takan yi juyi fiye da 150,000 cikin minti ɗaya, zafin ɓangaren hayaƙi kuwa a injin fetur yakan kai digiri 900 ko ma ya haura. Abin da ke ɗauke da sandar cikin wannan gudu, a yawancinsu, wani ɗan siririn baƙin mai ne da bai kai kaurin gashi ba, wanda ke raba ta da bushinta. A riƙe wannan magana, za a komo kanta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya mutumin Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista a 1905. A 1918 Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgin sama kan dutsen Pikes Peak a Amurka, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, ya nuna cewa turbo yana mayar wa inji ƙarfin da ƙarancin iskar bisa ya rage masa. Jiragen ruwa da manyan motoci suka riga ƙanana cin moriyarsa. Sai a 1962 aka fara sayar da ƙaramar mota mai turbo a Amurka, Mercedes ta sa shi cikin ƙaramar mota mai shan gas a 1978, Peugeot kuma ta biyo baya da 604 a 1979. Amma Fijo 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, waɗanda a kansu manyan makanikan Arewa suka koyi aiki, ba su da turbo, ba su da kwamfuta. Kunne da sifana sun ishe su. Daga baya dokokin rage hayaƙi a Turai da Amurka suka sa masu ƙera motoci suka koma ƙaramin inji mai turbo, har a motocin fetur, su ne kuma ke sauka Kwatano da Legas bayan sun yi shekara goma a can. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowa neman motar da ba ta shan mai yake yi. Saboda haka bakaniken da bai san turbo ba yau, gobe tilas ya san shi.

Akwai abubuwa biyu da ke tafiya tare da turbo, waɗanda ba a fahimtar ciwonsa sai da su. Iska in an matse ta takan yi zafi, kamar yadda duk wanda ya taɓa famfon keke bayan ya cika taya ya sani, iska mai zafi kuwa ba ta da nauyi. Don haka ake bi da ita ta cikin wani abu mai kama da ƙaramin lagireto a gaban mota, wanda ake kira intakula, ta huce kafin ta shiga inji. Na biyu, da za a bar turbo ya yi ta zuga ba linzami, da ya fasa injin. Shi ya sa aka yi masa wata 'yar ƙofa, kamar ƙofar dam da ake buɗewa in ruwa ya cika, wadda ke ɓarar da wani sashe na hayaƙi ya kewaye farfela in matsin iska ya kai inda ake so. Wata 'yar sanda ke jan ƙofar, sandar kuma ta fito ne daga wani ɗan gwangwani mai tantanin roba da sifirin a ciki, shi kuma wani siririn tiyo da bawul na lantarki ke motsa shi bisa umurnin kwamfutar mota. A injinan gas masu yawa na bayan shekarun 1990 babu ƙofar, sai wani zobe mai ƙananan fikafikai da ke kewaye da farfela, suna tsukewa suna buɗewa gwargwadon bukata.

Daga bakin direba zuwa bakin tiyo

Bincike daga tambaya yake farawa, kuma ba a biyan ko kwabo a kanta. Ƙarfin a hankali ya ragu cikin watanni, ko farat ɗaya ya tafi? Wanda ya ragu a hankali yana nuna abin da ke toshewa ko ke cinyewa, wanda ya tafi farat ɗaya kuwa, musamman in an ji wata ƙara kamar fashewar taya, tiyo ne ya ciro ko ya tsage. In aka kashe mota aka sake tayarwa ƙarfin yana dawowa na ɗan lokaci? In haka ne, kwamfuta ce ta ga abin da ba ta yarda da shi ba ta rage ƙarfi da gangan don ta tsirar da inji, mota ta riƙa ɗingishi har ta kai gida. Turbon da ya karye ba ya warkewa don an murɗa makulli. Wane irin hayaƙi take yi? Baƙi yana nufin iska ta yi kaɗan, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri kuwa ko ruwa ne ko man da bai kama wuta ba. Tambayar da ta fi duka amfani, kuma aka fi mantawa da ita, ita ce, wane aiki aka yi wa motar na ƙarshe? Tiyon da yaron gareji ya mayar bai ɗaure kilif ɗinsa da kyau ba ya jawo wa masu motoci asara mai yawa.

Ya kamata kuma a san abin da ba ciwo ba ne. Motar da ke ja da asuba amma ta yi nauyi da azahar cikin watan Afrilu ba lalle ne ta lalace ba. Iskar da zafinta ya kai digiri 40 ta fi ta digiri 15 rashin nauyi da wajen kashi 8 cikin 100, sa'an nan kwamfuta in ta ji iskar da ke shiga ta yi zafi ainun, takan sassauta wa inji. In an ƙara da intakular da laka da ƙaiƙayi da ƙwari suka toshe ramukanta tun damina, sai abin ya tsananta. Wanke ta da ruwa kaɗai yakan dawo da ƙarfin da ake shirin kashe maƙudan kuɗi a kansa.

Bayan tambaya sai ido da hannu, a kuma fara daga inda iska ke farawa, watau filta. A nan ne ƙasar nan ta bambanta da ƙasar da aka ƙera motar. Littafin da ya ce a canja filta bayan kilomita kaza, an rubuta shi ne don titunan Jamus. Ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushinta kamar gari ne. Ga kuma jar ƙurar hanyoyin burji da ke shiga ƙauyukan Kabo da Gwarzo, inda mota ke bin bayan mota ranar kasuwa har direba ba ya ganin gabansa. Filtar da ta toshe tana shaƙe turbo, tana kuma iya sa babban tiyon da ke bayanta ya motse in an taka totur, ya koma daidai in an ɗaga ƙafa, ta yadda mai dubawa a gareji ba zai ga kome ba. Maganin da aka saba yi shi ne a ciro filta a buga ta a jikin taya, ko a hura mata iska mai ƙarfi a wurin mai faci, ko ma a jefar da ita gaba ɗaya a ce mota ta sami numfashi. Lalle ta samu, amma na ɗan lokaci. Takardar da ta huje, ko murfin da bai zauna daidai ba, yana barin ƙura ta isa ga farfelar da ke juyi dubu ɗari da wani abu a minti, ƙurar kuwa ta riƙa cin gefen fikafikanta kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe. Duk wanda ya ciro tiyon shiga ya haska tocila ya ga bakin fikafikan ya dakushe ya yi gwatso-gwatso, ya ga sa hannun ƙura. Fistin da ringi su ma sun sha rabonsu.

Daga turbo zuwa intakula, daga intakula zuwa inji, duk iskar da ke cikin tiyo a matse take. Zuga-zugin da fatarsa ta huje, kome ƙwazon mai zuga wuta ba za ta tashi ba. Tsagar tiyo tana da wayo, domin in mota na tsaye takan rufe bakinta, sai an ɗora kaya an kama tudu take buɗewa, a ji wani huci ko fito da ke ƙaruwa tare da totur, baƙin hayaƙi kuma ya biyo baya in injin gas ne. Amma tana barin sawu. A cikin tiyon nan kullum akwai ɗan maiƙo, saboda haka duk inda aka ga danshin mai ya kama ƙura ya yi baƙi a jikin tiyo, ko a mahaɗa, ko a kusurwar intakula inda aka liƙa roba da gorar ruwa, to, nan iska ke tserewa. Hanyar tabbatarwa kuwa tun tuni mai faci ya koyar da ita. A toshe bakin tiyo da abin da aka ɗaure da kyau, a hura iska a hankali, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ake sa wa tayar ƙaramar mota, sa'an nan a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan ciwon yake. Aikin rabin sa'a ne. Haka za a bi siraran tiyon da ke zuwa gwangwanin ƙofa, waɗanda zafin rana da na inji ke busarwa su tsattsage, a kuma taɓa sandar ƙofar a ga ko tana motsi, ko ta ƙage, ko ɗan kilif ɗin da ke riƙe da ita ya faɗi. Ƙofar da ta tsaya a buɗe tana zubar da hayaƙi, turbo lafiyarsa lau amma babu mai juya shi.

Abin da kwamfuta ke faɗa da abin da ba ta faɗa

Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta a yi wa kowace ƙaramar mota wata kafa mai baki 16 kusa da sitiyari inda ake jona na'urar bincike, Turai kuma ta bi a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga masu shan gas. Yanzu har da wayar hannu ana iya karanta ta. Sai dai an ɗauki abin kamar duba, a ce an sa ta a kwamfuta, kwamfuta ta ce turbo ne. Kwamfuta ba ta taɓa faɗin haka ba. Lambar P0299 ma'anarta ita ce matsin iska bai kai yadda aka nema ba, P0234 kuma ya wuce yadda aka nema. Shaida ce ta abin da ya faru, ba ta ambaci mai laifi ba. Goge lambar a karɓi kuɗi kuwa daidai yake da rufe bakin mai kuka.

Amfanin na'urar na gaskiya yana cikin lambobin da take nunawa lokacin da inji ke aiki. A fara da murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a duba abin da sensar matsin iska ke karantawa. A wannan hali iskar cikin inji ɗaya take da ta waje. A bakin teku ta kai kilofaskal 101, kuma shi ne abin da yawancin littattafai ke rubutawa. Amma Kano tana bisa teku da wajen mita 480, saboda haka sensa mai lafiya a Kano ko Gwarzo wajen 95 za ta nuna. Wanda bai san wannan ba sai ya jefar da sensa mai kyau. In kuwa ta nuna 70 ko 130 alhali inji a kashe yake, ƙarya take yi, kuma duk hukuncin da kwamfuta ta gina a kanta ƙarya ne. Sau da yawa baƙin tsili ne ya lulluɓe ta, wankewa ta isa.

Sa'an nan a hau titi, mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da na'ura, kada mutum ɗaya ya haɗa biyun. A sami wuri mai sarari, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a taka totur har ƙasa tun inji bai ɗau gudu ba, a kwatanta lambobi biyu, matsin da kwamfuta ta nema da wanda aka samu. A injin gas mai lita 1.9 irin na Sharon, abin nema yakan kai tsakanin 180 da 230, gwargwadon irin injin. In abin da aka samu ya kasa kamo abin nema, ko dai iska na tserewa, ko ƙofa a buɗe take, ko hayaƙi bai isa ba, ko kuma, daga ƙarshe, turbon ne ya gaji. In ya zarce abin nema ya yi sama, sai kwatsam ƙarfi ya yanke, to, linzami ne ya ƙage. Wannan shi ne ciwon da ya fi addabar masu fikafikai, domin tsili yana taruwa a zoben ya hana shi motsi, musamman a motar da ke yini tana jiran fasinja inji na aiki, ko wadda ake lallaɓawa da babbar giya don tsimin mai. Kwancewa a wanke zoben yakan warkar da shi, kuma shi ne ciwon nan da ke kama direba daidai lokacin da ya fito wuce tirela.

Hali na uku shi ne wanda ya fi koyar da hankali. Abin da aka samu ya yi daidai da abin nema, amma mota ba ta ja. To, a bar turbo ya huta, ba shi da laifi. A koma kan filtar mai, da famfo, da nozul, da fulogi in fetur ce, da sensar da ke auna yawan iskar da ke shigowa, wadda in ƙura ta rufe ta takan ce iska kaɗan ce, kwamfuta kuma ta rage mai. A duba ko kuloci na sulɓewa, ko birki na kamawa. Akwai ma wani zagaye da ke rikita masu bincike. In mai ya yi kaɗan wuta ta yi kaɗan, in wuta ta yi kaɗan hayaƙi ya yi kaɗan, in hayaƙi ya yi kaɗan turbo ba zai juya sosai ba. Ta haka filtar gas da ruwa da datti suka toshe, saboda man da aka saya a jarka a bakin hanya, takan fito da lambar ƙarancin iska, a ɗora wa turbo laifin ɗan bumburutu.

Saura mafitar hayaƙi. Farfela tana juyawa ne saboda matsin da ke gabanta ya fi na bayanta, in salansa ta toshe bambancin ya tafi. Abin nan mai kama da saƙar zuma da makanikai ke kira indomi yakan narke ko ya farfashe ya tare hanya, motocin gas na baya-bayan nan kuma suna da matatar tsili da ke cika. Alamarsa, mota ta tashi lafiya amma ta ƙi ɗaukar gudu, tana ƙara shaƙewa yayin da ake ƙara taka ta. Ingancin mai yana da hannu a nan. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwa ke haɗa wa Afirka ta Yamma gas mai yawan farar wuta. A lokacin dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan, alhali ta Turai 10 ce. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Motar da aka ƙera don mai irin na Turai, ta kuma yi shekaru tana shan wancan, ba abin mamaki ba ne in cikinta ya cika da tsili, har da bawul ɗin da ke mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji, wanda in ya ƙage a buɗe yake sace wa turbo abincinsa.

Wata dabara ta yaɗu a garejoji wadda ya kamata a yi tir da ita, watau ɗaure ƙofar hayaƙi da waya, ko rage tsawon sandarta, don mota ta ƙara ja. Tana kuwa ja, kwana biyu. A injin fetur matsin da ya wuce kima yana sa wuta ta tashi kafin lokacinta ta huda kan fistin, a injin gas kuma gasket ya ƙone ko farfela ta tarwatse. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

In turbon ne da kansa

Sai an gama duk wannan ake zuwa kan wanda ake tuhuma. A bari ya huce, a ciro tiyon shiga, a kama kan sandar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, domin gurbin baƙin mai ne, muddin farfela ba ta taɓa bangon gidanta ba. Motsi ciki da waje kuwa, ko gogewa, ko kuka mai kama da jiniya, alamar mutuwa ce. Ganin mai a cikin tiyo kaɗai bai isa hujja ba. Abin da ke tare mai a jikin sandar ba roba ba ce, wasu ƙananan zobba ne na ƙarfe da ke dogara ga daidaiton matsi. Filtar iska da ta toshe takan sa turbo ya tsotso mai ta gefensu, haka bututun da ke mayar da mai ƙasa in ya toshe ko ya lanƙwashe, haka kuma injin da ringinsa suka cinye har matsi ya taru a cikinsa. A duk waɗannan sabon turbo ma zubar da mai zai yi.

A nan za a komo kan siririn man nan da aka ce a riƙe. Bututun da ke kai shi ga turbo bai fi fensir kauri ba. Baƙin man awo da ba a san asalinsa ba, ko wanda ya wuce lokacin juyewa, ko guntun gam ɗin da aka lafta wa gasket ya ɓalle ya bi mai, kowanne yana iya tsuke bututun, kuma daƙiƙoƙi kaɗan ba mai sun isa su ƙone sanda. Direban da ya taso daga Kano da gudu da cikakken lodi, ya shigo tashar Gwarzo ya kashe inji nan take, ya tsayar da famfon mai alhali turbo na da zafin maƙera, man da ya rage a ciki ya soye ya zama gawayi. Minti ɗaya ko biyu da za a bar inji yana aiki a tsaye ya isa. Haka nan da safe, kada a tayar a hau totur kafin mai ya zagaya.

In ya tabbata sai an sauya, a fara da gano abin da ya kashe na farkon a gyara shi. Lambar da ke jikin farantin turbo ita ake bi wajen saye, domin biyu sukan yi kama a ido su bambanta a ciki. A canja bututun mai ko a wanke shi har haske ya ratsa, a juye baƙin mai, a sa sabbin filtoci, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya a fitar da ɓaraguzan tsohuwar farfela. Kafin a ɗaure bututu a zuba ɗan mai cikin sabon turbo a juya sandar da hannu. Intakula kuwa tilas a kwance ta a tsiyaye ta, domin turbon da ya mutu yakan tara mai a cikinta, injin gas kuma yana iya shan baƙin mai kamar yadda yake shan gas. In ya zuƙo shi sai ya ɗau gudu da kansa, farin hayaƙi ya turnuƙe wuri, a zare makulli ya ƙi mutuwa. A wannan hali a taka birki da ƙarfi, a sa babbar giya a saki kuloci, ko a toshe bakin shigar iska da katako mai faɗi. Ba a toshe shi da tafin hannu, ba a kuma toshe shi da tsumma, domin zuƙe shi zai yi.